Bayin Da Ba Shi Da Rami

 Da yawa daga cikinku sun san farin ɗakin nan mai taya da ni da abokan fataucina uku muke ajiyewa a bayan rumbun goro. Turawa karaban suke ce masa. Tokumbo ne, daga Turai ya shigo ta tashar jiragen ruwa ta Apapa. Su can hutu suke tafiya da shi, su ɗaura a bayan mota su nufi bakin teku. Mu kuwa in kakar goro ta kama sai mu ja shi zuwa Shagamu ko wajen Ondo, mu kwana ciki kusa da kayanmu, mu huta da kuɗin masauki. Akwai gado, akwai wurin girki, akwai ɗan ƙaramin bayi. A kan bayin nan nake so in yi magana, domin a watannin baya ya lalace mun canja shi, kuma na ga akwai abin da ya shafe mu duka a ciki, har da wanda bai taɓa leƙa irin wannan ɗaki ba.

Bayin gida yana da rami ko sokawe. Ka shiga ka fito, ƙasa ta rufa maka asiri. Wannan ba shi da rami. Mazaunin roba ne a sama, a ƙarƙashinsa kuma akwai tanki kamar jarka, wanda ake zarowa ta wata 'yar ƙofa daga waje. Tsakanin mazauni da tanki akwai marfi mai zamewa, a kewaye da shi akwai zoben roba. Zoben nan shi ke hana wari tasowa, shi ke hana ruwa yoyo. Namu ƙirar kamfanin Thetford ne, tankinsa lita 17. Irin na Amurka dabam yake: babban tanki ne a manne ƙarƙashin ɗakin, mazaunin a ɗaure da noti biyu, ana juye shi da tiyo. Amma duk ɗaya ne: abin da ya shiga yana nan yana jiran wanda zai ɗauke shi.

Da namu ya fara ciwo, wari ne ya fara faɗa mana. Sai muka lura ruwan da ake bari a kwanon ba ya kwana, kafin asuba ya tsiyaye. Daga baya famfon wankewa ya mutu, robar gindin mazaunin kuma ta tsage saboda tsufa da zafin ƙasarmu. Muka kira wani mai gyaran famfo. Ya duba, ya ce, "Alhaji, kayan wannan abin ba a kasuwa suke ba. Ku bari in cire tankin, in huda ƙasa in sa fayif, in kun faka kusa da kwata shi ke nan." Ɗaya daga abokaina ya ce ai tsoffin jiragen ƙasa da muke hawa daga Kano zuwa Ikko haka suke, a kan layi komai yake zuba. Gaskiya ya faɗa, kuma aikin da araha, yini ɗaya an gama.

Na ce ban yarda ba, muka yi kwana biyu muna ja-in-ja. Hujjata ba mai nisa ba ce. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana biyan buƙata a kan hanyar mutane, da inuwar da suke hutawa, da wurin da suke ɗiban ruwa, ya kuma nuna abu ne mai jawo tsinuwa. To kwatar Legas ina ta nufa? In damina ta sauka ta cika ta batse, cikin gidajenmu take komowa, ta shiga rijiyoyin da muke alwala da su. Ba a daɗe ba, a watan Yunin 2024, gwamnatin jihar nan ta yi shelar ɓarkewar amai da gudawa. Ni da nake tsayawa gaban sahu in ce wa mutane tsafta cikon addini ce, da wane ido zan dubi mai shayin da ke zaune kusa da fayif ɗina?

Muka haƙura muka jira har wani ɗan unguwa da ke Beljiyam ya sako mana irinsa a kwantena, tare da zoben roba biyu na ajiya. Ga abin da na gani a wajen sawa, ko zai amfani wani. Kafin a saya, a duba lambar ƙirar a auna 'yar ƙofar waje, domin in tankin bai dace da ƙofar ba an yi asara. Ranar aiki a fara cire wayar batir, don famfon da wuta bolt 12 yake aiki, a tsiyaye ruwa, a zare tankin, sannan a kwance sukurorin da suka kama mazaunin da daɓe da bango. In an ɗaga tsohon, kada a yi gaggawar ɗora sabo. A danna katakon ƙasa da yatsa. Namu ya yi laushi kamar burodi saboda yoyon da ya daɗe yana sha, sai da kafinta ya yanke ya sa sabon falanki. Bayan an ɗaura, a bi gefe da silikon, a zuba ruwa mai tsabta a kwano a bar shi ya kwana. In da safe yana nan yadda aka bar shi, aiki ya yi.

Sawa ba ita ce wahala ba, riƙo shi ne. Baturen da ya ƙera abin nan da takarda yake tsarki, mu kuwa da buta. Buta ɗaya tana cin wajen lita ɗaya da rabi. Mutum huɗu, kowa ya shiga sau uku a yini, ka lissafa da kanka: kafin gari ya sake wayewa tanki ya cika. Shi ya sa muka kafa doka. Ba a alwala a ciki, ba a wanke ƙafa, a waje ake yi. In akwai bayin haya ko na masallaci kusa, can ake zuwa da rana, na ɗaki na dare ne da na lalura. Ba a jefa leda, ko tsumma, ko guntun goro. Wani alherin buta kuma shi ne ba mu san toshewar takarda ba.

Zoben roban nan lallami yake so. Ba a zuba masa Hypo ko wani ruwa mai kaifi, yana busar da shi ya tsattsage. Sabulun wanke kwano da ruwan ɗumi sun isa. In ya fara tauri a shafa masa man silikon, in babu a sa man zaitun, amma ban da basilin da baƙin mai, suna cin roba. In an yi tafiya cikin rana, iska tana taruwa a tanki, don haka a rufe murfin mazauni kafin a zame marfin ƙasa, in ba haka ba tufafin sallah sun tashi aiki. Wajen juyewa akwai ɗan maɓalli da ake dannawa iska ta shiga, don kada ya fantsamo. A ɗauraye sau biyu ko uku, a zuba ɗan ruwa da maganin tanki kafin a mayar. A zafin nan namu, ko bai cika ba kada ya wuce kwana biyu.

Wani ya tambaye ni batun alƙibla, tunda ɗakin yau ya dubi gabas, gobe ya dubi kudu. Malamanmu na Malikiyya sun ce hanin fuskantar alƙibla ko ba ta baya a fili yake, a cikin kewayen gida an yi sauƙi. Duk da haka in wuri ya ba mu dama, mukan karkata ɗakin wajen fakawa.

Abin da ya fi nauyi shi ne ɗauka. Cikakken tanki ya kai kilo 17 ban da nauyin robarsa, kuma ba a juye shi sai a masai mai rami ko sokawe. A Shagamu mukan biya mai bayin haya ya bar mu mu juye. Da farko abokaina sun so a bar wa yaron mota aikin. Na ce a'a, a yi karɓa-karɓa, ni ne na farko. Yaron da aka ɗora wa abin da manya ke ƙyama, in dare ya yi babu mai ganinsa, kwata zai nufa, kuma alhakin a wuyanmu yake. Ranar da na fara ratsa kasuwa da tankin a hannu, wasu sun yi dariya wai ga liman da kayan masai. Na ce musu nawa ne, ba na wani ba.

Jama'a, mu baƙi ne a ƙasar nan ko da an haife mu a cikinta, kuma kun san abin da ake fara jifan Zango da shi in rigima ta tashi: ƙazanta. Gwamnatin tarayya ta sa hannu a doka a 2019 cewa a daina ba-haya a fili kafin 2025, amma doka ba ta wanke bayin kowa. Gidajen haya nawa ne a layinmu da fayif ɗin bayinsu yake kallon kwata? Sokawen masallatai nawa ne suka cika ana jiran wani ya kira motar kwasa? Masu gida su duba nasu kafin damina, kwamitin masallaci kuma ya sa kuɗin kwasa cikin lissafin wata kamar yadda yake sa na lantarki. Wanda kuma yake da irin ɗakinmu, ko ɗan bayin tafi-da-gidanka a shago, in yana neman zoben roba ya same ni a rumbu bayan la'asar, ina da ɗaya a ajiye.

Allah ya tsarkake mana zukata da muhalli, ya kare mu da zuri'armu daga annoba. Wassalam.