Tsakuwa a Farantin Jaririya

Duk macen da ta yi girki a Jos ta san wahalar acca. Ki wanke, ki rege, ki juye daga wannan ƙwarya zuwa waccan har bayanki ya ƙage, don kada maigida ya tauna yashi a cikin gwate. Na yi shekara arba'in a Jos Jarawa ina fitar da tsakuwa daga abinci. Sai ga ni a birnin Kobe na ƙasar Japan, ina kallon mutane masu hankalinsu sun wanke tsakuwa tas, sun ɗora ta a farantin jaririya da gangan.

Ɗana na fari, wanda ba na kiran sunansa, shi ne yake karatu a can. Matarsa ta haifi namiji, ban samu zuwa wankan jego ba, sai da yaron ya kai wata biyar aka ba ni bizar kwana 90. Na ɗaure garin acca da na tamba, da kuka, da daddawa, da kwalbar zuma. Kilishi kuwa tun a waya aka ce in bar shi gida, ba a shiga musu ƙasa da nama. Mun sauka a filin jirgin Kansai, wanda aka cike teku aka gina, aka buɗe a 1994. Agogonsu yana gaban namu da awa takwas, saboda haka makon farko da rana nake gyangyaɗi, da dare idona biyu. Garin Kobe ya miƙe ne tsakanin teku da dutsen Rokko, in na juya wa ruwan baya sai in ga kamar duwatsun Shere nake hange. Akwai masallaci da aka gina tun 1935, ya tsira daga bama-baman yaƙin duniya na biyu, ya kuma tsira daga girgizar ƙasar 1995. Can muke zuwa Juma'a.

Maƙwabtan su ɗana miji da mata ne matasa, da jaririyarsu mace. Ina da mako biyu da zuwa suka aiko cewa yarinyar ta cika kwana ɗari, za a yi mata okuizome, wato cin farko. Na ce wa surukata: "Kwana ɗari? Wata uku da 'yan kwanaki fa ke nan. Me za ta ci?" Ta ce, "Mama, mu dai je ki gani."

An kawo ɗan tire mai ƙafafu, da ƙananan akusa na katako masu sheƙi, bayansu baƙi, cikinsu ja. Na mace ke nan. Na namiji ja ne ciki da waje. Akushi ɗaya shinkafa ce da aka dafa da jan wake har ta yi ja. Ɗaya romo ne da wasu 'yan halittun ruwa masu ɓawo biyu, wai don ɓawon kowacce ba ya haɗuwa sai da ɗan'uwansa, ana yi wa yarinya fatan miji na gari. Ga dafaffen kayan lambu. Ga wani jan ɗan itace mai tsami da ya yamutse, fatan ta tsufa har fatarta ta yi haka. A gefe ga gasasshen kifi guda, da kansa da jelarsa, sunansa tai, daga Akashi da ke kusa da Kobe, garin da ya yi suna a kan wannan kifin. Akwai kuma yankan wata halittar teku mai hannu takwas da suke kira tako. Mutanen wannan yankin na Kansai sukan sa ta saboda taurinta. Sai tsakuwar, baƙa, sumul, kamar ƙwan tantabara.

Al'adar ita ce wanda ya fi kowa shekaru shi ke ɗaukar jariri a cinya, mace ga mace, namiji ga namiji, don yaro ya ɗebi tsawon rai. Kakar yarinyar tana wurin. Aka yi lissafi, ashe na girme ta da shekara biyu. Sai kawai matar nan ta sunkuyar da kai ta miƙo mini jikarta da tsinken cin abinci guda biyu. Na dubi ɗana. Ya ce, "Hajiya, karɓi, girmamawa ce."

Na yi bisimilla. Ana ɗauko ƙwayar shinkafa a kai bakin yarinya, a taɓa leɓe, a mayar. Sai romo, sai shinkafa, sai kifi, sai shinkafa, sai romo, har zagaye uku. Ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga cikinta. Duk wannan girki, duk wannan kuɗin kifi, don a nuna mata abinci ne kawai, a yi fatan kada ta rasa shi har ƙarshen ranta. Manya ne suka cinye daga baya. Shinkafar ta yi ta zame mini daga tsinken, ana dariya, yarinya tana kallon mayafina. Da aka zo kan tsakuwa, wadda ake taɓawa da bakin tsinke sannan a taɓa dasashin yaro don haƙora su yi ƙwari, na tambayi daga ina ta fito. Aka ce daga wurin bautarsu aka aro ta, za a mayar. Nan na miƙa wa kakar tsinken, na ce wannan nata ne. Ba wanda ya ji haushi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai bai faru a wannan bikin ba. A ɗakin girkin surukata ya faru.

Ni da ɗura na raini 'ya'yana shida. Ki zauna, ki miƙe ƙafa, ki kwantar da yaro a cinya, ki tara tafin hannu a bakinsa, ki zuba koko da ludayi. In ya ƙi haɗiya ki toshe hanci. Yana kuka, yana shure-shure, kunu na wucewa. Haka aka yi mini, haka na yi, kuma ban taɓa ɗaukar abin mugunta ba. Uwar da ba ta yi wa ɗanta ɗura ita muke kira malalaciya. Da jikan nawa, mijina na wasa, ya kusa wata shida, na dama kunun tamba mai kyau, na naɗe zani na ce a ba ni shi. Surukata ba ta ce uffan ba. Ta shiga ɗaki, sai ga mijinta ya fito yana sosa ƙeya. "Hajiya, don Allah a bar ɗurar nan. Kunu yana iya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu." Na ce shi da yake maganar da me ya girma? Amma ina faɗa ina tuna wani yaro a layinmu, shekarun baya, da ya shaƙe ana cikin yi masa, ya kwana yana tari da zazzaɓi, aka wuce da shi asibiti. A lokacin sanyin Jos muka ɗora wa laifi.

Kashegari ta ja ni zuwa cibiyar lafiya ta gundumarsu, inda ake koya wa iyaye mata yadda ake fara ba yaro abinci. Ba na jin ko kalma, amma ido ba ya bukatar tafinta. Abincin farko shinkafa ce, awo ɗaya da ruwa awo goma, a dafa ta narke, a murje a rariya. Cokali ɗaya tak a rana ta farko. Kuma da safe, a ranar aiki, don in jikin yaro ya ƙi abin a tarar da likita a buɗe. Bayan kamar mako sai a ƙara kabewa ko karas ko dankali, kowanne shi kaɗai, a ga yadda zai karɓe shi. Daga nan sai tofu, wato awararsu mai laushi, da farin kifi, da ɗan gwaiduwar ƙwai da ya dahu sosai. Babu gishiri, babu sukari. Matakan ma suna da sunaye masu kwaikwayon bakin yaro: gokkun a wata 5 zuwa 6, lokacin haɗiya, mogumogu a wata 7 zuwa 8, yana murzawa da harshe, kamikami a wata 9 zuwa 11, yana taunawa da dasashi, pakupaku daga shekara ɗaya zuwa wata 18. Ma'aikatar lafiyarsu tana da jagora a kan haka, ta sabunta shi a 2019. Uwa takan dafa na mako guda, ta zuba a farantin ƙanƙara mai gida-gida, kullum ta ɓalle ɗaya ta ɗumama.

Da na ga kunun shinkafar nan tsararo sai na ce a raina, to ai kokonmu ya fi wannan. Daga baya na gane inda bambancin yake. Nasu ruwan raguwa yake yi: awo goma, sannan bakwai, sannan biyar, har a kai ga shinkafa mai laushi, kuma kowane mataki da abin da ake ƙarawa na gina jiki. Namu kuwa kokon da aka fara ba yaro da shi, shi ne har ranar yaye: gasara, ruwa, sukari. Ciki ya cika, yaro ya yi tumbi, hannu ya tsuke, gashi ya yi ja, mu ce haƙori ne ko shan nonon ciki. Kuma wannan a Jos, inda motocin dankalin turawa ke shigowa daga Bokkos da Mangu, inda karas da kabeji da koren wake ke ruɓewa a kasuwar Farin Gada. Waken suya ma da muke yin awara muna sayarwa a ƙofar makaranta, shi ne Bajapaniya take murje wa ɗanta. Ma'aikatan asibitinmu sun daɗe suna wa'azin garin haɗin nan na gero da waken suya da gyaɗa da ake kira Tom Brown, muna jinsu kamar tallar rediyo.

Zumar da na ɗauko kuwa, a shayina ta ƙare. Mu da muke lasa wa jariri zuma tun yana ɗanye, can a jikin kwalbar ake rubuta kada a ba wanda bai shekara ba. Akwai wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a cikinta, hanjin babba yana fin ƙarfinta, na jariri ba ya iyawa. A 2017 wani yaro ɗan wata shida ya rasu a Tokyo saboda ana haɗa masa zuma a abin sha. Haka ruwa: Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2001 take cewa nono zalla har wata shida, amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna jarirai 29 cikin 100 ne kawai ke samun haka a Najeriya. Ni kaina ina cikin masu cewa yaro zai mutu da ƙishi.

Kada a ce na dawo ina yabon komai nasu. Kowace mai ciki ana ba ta wani littafi na uwa da ɗa, tsarin da suke kai tun 1948, ana rubuta awo da rigakafi da girman yaro, abin sha'awa. Amma na ga maƙwabciyarmu tana auna abinci a sikeli, ita kaɗai a gida daga safe har dare, miji yana wurin aiki, uwarta tana wani gari. In jaririyar ta yi kuka ba goggo, ba inna, ba 'yar maƙwabta da za ta goya. A 2023 jariran 'yan ƙasa da aka haifa a duk Japan ba su kai dubu 730 ba. Sai ki yi tafiya mai nisa a unguwa ba ki ji kukan yaro ba, tsofaffi da karnuka kawai. A Jos Jarawa kafin ki kai bakin titi kin tsallake yara goma.

Batun yaye shi ya ba ni dariya. Na kwatanta wa kakar nan yadda muke yi, surukata na fassarawa: yaro ya doshi shekara biyu, a sa rana, a karɓo rubutun yaye wurin malam, a kai shi gidan kaka ya yi kwanaki, in ya dawo ya nemi nono a shafa maɗaci. Ta tafa hannu, ta ce su ma a da akwai masu shafa abu mai yaji. Yanzu kuma wasu iyayen fuska suke zanawa a kan nonon da alƙalami, ido da hanci da baki, yaro ya buɗe riga ya ga wani yana kallonsa, a ce masa nono ya tafi. Suna da kalma biyu: dannyu, uwa ta yanke, da sotsunyu, wadda ma'anarta sauke karatu, wato a bar yaro ya bari don kansa. Na ce in aka bi ta wannan, akwai ɗana guda da sai ya shiga firamare yana sha. Ta tambaye ni kwana nawa yaro ke yi a wurin kaka. Na ce mako, wani har wata, wani ma ya zauna ke nan. Ta yi shiru tana duban jikarta, ta ce ita sau uku ko huɗu za ta riƙa ganinta a shekara.

Kafin in taho mijin nawa ya kai wata takwas. Na rege acca har sau biyar, na dafa ta lugub da kabewa da ɗan tofu, ba gishiri. Aka zaunar da shi a kujerarsa, na riƙe cokali a gaban bakinsa ina jira, abin da ban taɓa yi wa uban ba. Ya dube ni, ya dubi cokalin, ya matso ya kama da kansa. Rabi a baki, rabi a gashi. Ya ci cokali bakwai ya kau da kai, na ajiye, duk da hannuna yana ƙaiƙayi.

A filin jirgi na yi lissafi da yatsu: uban zai gama karatu yaron yana wata ashirin da biyu. Na ce musu duk zanen da za su yi su yi a can, amma yaye nawa ne, a Jos Jarawa za a yi shi. Surukata, wadda wata uku ba ta taɓa musa mini magana ido da ido ba, ta sunkuyar da kai ta ce, "To Mama, amma ban da ɗura."

Na ce mata wane irin miji ne za a toshe wa hanci.