Zauren Baba Bayan Sallar Isha'i

A shekarun 1990, lokacin da nake ɗan agaji a birnin Zazzau, an koya mana ɗaure rauni, tsayar da jini da ɗaukar makara. Amma yadda mutum zai runtsa bayan ya ciro gawar yaro daga mota a hanyar Kano, wannan babu shi a darasi. Mukan kai masu sauran numfashi asibitin Tudun Wada ko na Ƙofar Gayan, a ce mana sannu da aiki, Allah ya ba da lada, kowa ya kama gabansa.

Abin da ya riƙe mu shi ne zauren shugabanmu, wani dattijo da ke kusa da unguwar Babban Dodo. Dokarsa ɗaya ce: duk wanda ya je wurin haɗari sai ya biyo ta zauren bayan Isha'i. A dafa shayi, ya dubi wanda ya fi kowa shiru ya ce, "Ɗana, me idonka ya gani yau?" In ka ce, "Ba komai, Baba," ba zai matsa ba, sai ya fara ba da nasa labarin har bakinka ya buɗe. Kuka ba abin kunya ba ne a wurin, kuma maganar zaure ba ta fita waje. Wanda ba a gani a sahun Asuba ba, a tura masa mutum biyu.

Sai dai zaure ma yana da iyaka. Wani abokinmu barci ya ƙaurace masa, ƙarar birki kaɗai sai jikinsa ya hau ɓari. Dangi suka ce gamo ya yi. An daɗe ana rubutu da hayaƙi kafin a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, inda likita ya ce ciwo ne sananne da ke biyo bayan mummunan gani, kuma yana da magani. Ya samu sauƙi, ya koma sana'arsa.

A watan Agustan 2023, wani sashe na rufin Babban Masallacin Juma'a na Zazzau, ginin Babban Gwani, ya rufta kan masallata ana sallar La'asar. Matasan da suka tone ƙasa, 'yan'uwansu da maƙwabtansu suke cirowa. Su ne suka tsaya mini a rai. A farkon shekarar 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, amma doka ba ta zuwa gida ta tambayi yaro yadda ya kwana. Kowace ƙungiyar agaji, da 'yan kwana-kwana, da jami'an kiyaye haɗurra, suna bukatar zaure irin na Baba, da kuma babba wanda ya san ranar da za a ce, tashi mu je wurin likita.