Shuɗiyar Kwalbar da Ta Tsere wa Ruwan Kainji

Jama'a, na shaƙi turaren da aka daina yi tun 1969, kuma ba a Faransa ba, a nan Yelwan Yawuri, cikin ɗakin kakata Inna!

Bikin ƙanwata ne ya matso, aka aike ni in ciro tsoffin zannuwan saƙi daga adakar Inna. Can ƙasa hannuna ya taɓo wani abu mai sanyi, naɗe cikin kallabi. 'Yar kwalba ce shuɗiya shar, murfinta ruwan azurfa amma duk ya dafe. A jikinta an rubuta Soir de Paris, a ƙasa kuma Bourjois. Abin da ya rage ciki bai fi cokalin shayi ba.

Da ƙyar murfin ya murɗu. Ruwan da ya maƙale a bakinsa ya yi kauri kamar zuma. Na goga a wuyan hannu. Da farko ɗan tsami-tsami ne ya bugi hancina, sai kuma furanni suka taso gaba ɗaya: wardi, yasmin, da wani yaji-yaji irin na kanumfari. Daga baya wani zaƙi mai taushi ya kwanta, ya ƙi tashi har bayan la'asar. Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi!

"Ke kishiya, wa ya aike ki?" in ji Inna daga bakin ƙofa. "Turaren amarcina ne, mayar mini da abina."

Ai kuwa na zaunar da ita. Ashe marigayi kakanmu fataucin albasa da busasshen kifi yake yi a jirgin ruwa, yana haura Kwara har Gaya ta ƙasar Nijar, inda kayan Faransa ba su da wuyar samu. Daga can ya sayo mata. Lokacin a gungu suke zaune, tsakiyar kogi. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsohuwar Busa da gungaye da dama, aka tayar da mutum sama da 40,000 zuwa sabbin gidajen siminti a gaɓar tafki. Inna ta ce rumbunsu da bishiyar tsamiyar ƙofar gida duk suna ƙarƙashin ruwa, amma kwalbar nan a haɓar zane ta ƙulle ta, ta shiga kwale-kwale.

Daren nan ban runtsa ba sai da na bi asalinsa. Ernest Beaux ne ya haɗa shi a 1928, mutumin da ya haɗa Chanel No. 5. A wancan lokacin a Amurka da Ingila ana sayar da shi da sunan Evening in Paris, kuma ba mai tsada ba ne, turaren matan talakawa ne masu son ado. Shekara guda bayan tashin su Inna aka daina yin sa. A farkon shekarun 1990 an sake fito da sunan, amma haɗin ya sauya.

To yaya aka yi bai mutu ba? Haske da iska su ne manyan masu kashe turare, shi kuwa yana cikin duhun adaka, a toshe. Sinadaran da ke saurin tashi sun lalace, shi ya sa tsamin farko, masu nauyin kuma suka zauna daram.

Binta Sudan ya girme shi, tun 1920 ake yin sa, amma gobe ma in kin shiga kasuwar Yelwa za ki saya ki zuba a humra. Wannan kuwa in ya ƙare ya ƙare ke nan.

Amarya na jin labari ta rugo tana roƙo. Inna ta yanke hukunci: ranar kai amarya ita da kanta za ta ɗiga mata a bayan kunne, ba ƙari. Kwalbar kuwa na riga na yi kamu, duk mai ja ta same ni a gaban Inna!