Ɗakin da na je gani a Noailles

1/
Asabar ɗin da ta wuce na je Marseille neman ɗaki. Na dawo ba ɗaki, sai kuɓewa da busasshen kifi a jaka. Ku yi haƙuri, labarin zai ɗan yi tsawo 🧵

2/
Ina shekarar farko a jami'a a Aix-en-Provence, kudancin Faransa. Gari ne mai kyau, amma haya na cinye kusan duk abin da Baba ke turo min daga Damagaram. Wani ɗan ajinmu ɗan Kamoros ya ce in leƙa unguwar Noailles a Marseille, can ɗaki ya fi araha, kuma bas na zuwa Aix duk yini.

3/
Ina fitowa daga metro na faɗa kasuwar Capucins. Wallahi sai da na tsaya cak. Na'ana'a, dabino, zaitun, kifi, mahautan halal, ana ta kiran mai saye da Larabci da Faransanci. Mutanen garin na yi wa unguwar laƙabi da tumbin Marseille, kuma ta ci sunanta.

4/
Wata biyar rabona da ganin ɗanyar kuɓewa. Na saya ko tayi ban yi ba. Mai shagon, wani dattijo ɗan Senegal, ya ƙara min tattasai biyu gyara. Gyara fa, a Turai!

5/
Unguwar tsohuwa ce. Akwai shagon Empereur da ke sayar da tukwane, wuƙaƙe da sabulu tun 1827. Akwai Père Blaize, masu ganye da saiwoyin magani tun 1815. Na leƙa, ƙamshin ya kai ni layin masu maganin gargajiya a kasuwar Dole. A raina na gama yanke hukunci: nan zan zauna.

6/
Sai ɗakin. Hawa na uku. Matakalar ta karkace, kana hawa kana jin jikinka na zamewa gefe. Warin danshi. A bayan ƙofa akwai tsaga daga sama har ƙasa, na sa yatsu biyu suka shige. Wanda ya nuna min ya ce fenti kawai take so.

7/
Ni a Birni na tashi, cikin gidajen ƙasa. Na san bangon da yaɓe ke yi wa magani, na san wanda idan damina ta yi nisa ake kwashe yara daga gindinsa. Amma ragin Yuro 150 ne a wata. Kusan jika 100 ke nan a CFA. Na san abin da jika 100 ke nufi a gidanmu. Na ce masa zan yi tunani.

8/
Na fito na bi titin Aubagne ina hawa, ina lissafi. Can sama sai na ga giɓi a jerin gidaje, kamar an cire haƙori. Fili ne kawai. Wata mata da ke wucewa da kwandon cefane ta ga na tsaya, ta ce: "Ɗana, ba ka san nan ba?"

9/
Ranar 5 ga Nuwamba 2018, wajen ƙarfe 9 na safe, gidaje biyu, lamba 63 da 65, suka rufta. Mutum 8 suka rasu, duk a lamba 65, cikinsu har da wata ɗaliba. Mazauna gidan sun daɗe suna ƙorafin tsaga da ƙofofin da suka daina rufuwa. Ɗaya daga cikinsu ya ɗauki bidiyon gidan da safiyar nan, ya fita ya kai kuka, ba a jima ba ginin ya zube.

10/
Bayan haka an kwashe dubban mutane daga gidajen da ke da haɗari a faɗin birnin. Ni dai kalma ɗaya ta tsaya min a rai: ɗaliba. Na yi ta tunanin ko ita ma lissafin haya ne ya kawo ta, kamar ni.

11/
Tafiyar 'yan mintuna daga nan sai Cours Julien, inda matasan garin ke raba dare. Dā kasuwar sarin kayan lambu ce, har farkon shekarun 1970. Yanzu zane-zane ne a kowane bango har da matakala, ga mashaya, ga kiɗa. Na zauna da shayin na'ana'a, na kusa da ni suna ta giyarsu. Ba wanda ya kalli kofin wani. Ba zan ɓoye muku ba, wurin ya burge ni.

12/
Ina nan Inna ta kira. "Ka samu ɗakin?" Na ce na gani, da araha, amma bangon ya tsage. Ta yi shiru, sannan ta ce: "Mu muka ce maka mun gaji?" Daga bayanta na jiyo muryar Baba yana tambaya nawa ne ragin. Ba ta faɗa masa ba.

13/
Na tura wa mutumin saƙo cewa na fasa, na gangara tashar Saint-Charles na kama bas ɗin Aix. Ranar Litinin na sake duba tallar ɗakin a intanet. An cire ta, an rubuta an ba da haya.