Daga Rigasa Zuwa Banex Neman Muryar Tsohon Maƙeri

Jirgin safe na hau a tashar Rigasa, da niyyar tace wata hira da na naɗo da wani tsohon maƙeri kafin mu isa Abuja. Tun da aka buɗe layin dogon nan a 2016, ya zame mini ofis na wajen sa'o'i biyu. Sai dai muna barin Kaduna, ƙarar jirgi da hirar fasinjoji suka danne muryar tsohon. Na ƙure sautin waya, amma kamar daga ƙasan rijiya yake magana.

Saurayin da ke gefena, mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, ya ga ina ta cire hedifon ina mayarwa. Ya ce, "Baba, kawo in duba maka."

Abin da ya burge ni, bai soma da zancen sayen wani abu ba. Ya haska ramin da ake soka filogi, ya zaƙulo ƙurar aljihu da tsinke. Ya murza igiyar a gindin filogi, wurin da ta fi tsinkewa ta ciki, yana saurare ko kunne ɗaya zai ɗauke. Ya duba ko an karkatar da sauti hagu ko dama a saiti. Ya kuma gaya mini cewa filogi mai makirufo tsari biyu gare shi, CTIA da kuma OMTP na tsofaffin wayoyin Nokia, kuma idan aka haɗa saɓaninsu murya takan dushe, sai an danne maɓallin makirufo ta fito. Nawa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan matsalolin.

Muna wajen tashar Jere ya juya hedifon ya nuna mini ɗan rubutu: om 250, wato ma'aunin juriyarsa ga wuta. Iyafis ɗin da kowa ke sawa ba ya wuce om 16 zuwa 32, shi ya sa waya ke tura shi ba wahala. Irin nawa don na'urorin situdiyo aka ƙera shi, yana son ƙarfin wutar da waya ba ta da shi. "Ka ga Baba, a nan ne amfilifaya ke da amfani. Da igiya ce ta tsinke, ko nawa ka kashe ba za ta gyaru ba."

Daga tashar Idu a Abuja na shiga tasi zuwa Banex Plaza da ke Wuse II neman amfilifaya. Iri biyu na tarar. Akwai ɗan guntu mai shiga ramin USB-C, marar nauyi da sauƙin kuɗi, amma cajin wayarka yake sha. Akwai mai batirinsa, irin waɗanda FiiO na birnin Guangzhou ke ƙerawa. Ban kula da babbar lambar da ke gaban kwali ba, don yawanci a om 32 ake auna ta. Na nemi a nuna mini abin da yake bayarwa a om 300. Na duba yana da maɓallin ƙara ƙarfi da ragewa, saboda ranar da zan sa ƙaramin iyafis kada ya cika mini kunne da shuu. Sannan na zauna a shagon na kunna hirar maƙerin, har sai da na ji numfashinsa tsakanin kalmomi.

Mai batiri na ɗauka. Wanda ke yini a ƙauye yana naɗar murya ba ya wasa da cajin wayarsa.

A dawowa ban kai sautin rabi ba, kuma da gangan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce sa'o'i 40 a mako yana sauraron desibel 80, kuma na'urar nan tana haura wannan nesa ba kusa ba. Duk mai niyyar sayen amfilifaya, ya fara duba igiya da rami da rubutun om, sannan ya tafi kasuwa da hedifon ɗinsa a jaka ya gwada kafin ya biya.