Dabino a Ƙasar Ƙanƙara

Bishiyar dabino ba ta tsirowa a Kanada. Larabawa kan ce ita ƙafarta cikin ruwa take so, kanta kuma cikin wutar rana, alhali lardin Kebek yakan yi kusan wata biyar ƙasarsa na lulluɓe da ƙanƙara. Duk da haka, ɗaya daga cikin kayan zaƙin da mutanen wannan lardi suke ɗauka nasu na gado, wanda kakanni mata ke gasawa idan bukin Nowel ya ƙarato, da dabino ake yin sa. Da Faransanci suna kiran sa carrés aux dattes, saboda yankan murabba'i ake yi masa. Na san shi a shekarun da na yi karatu a birnin Kebek, kuma tun daga lokacin yake sa ni tunani a kan namu kayan buki da abin da zai same su.

Siffarsa ba ta da wuyar bayani. Hawa uku ne. Na ƙasa gari ne da aka murje da man shanu da jan sukari, aka danne shi a gindin faranti har ya kama jikinsa. Na tsakiya dafaffen dabino ne da ya narke ya yi kauri. Na sama ragowar garin nan ne, amma barbaɗa shi ake yi, ba a dannewa, don in ya gasu ya riƙa marmashewa a baki. Wasu kan sa tuffa ko busasshen inabi ko ɓaure a tsakiya, amma na dabino ya fi suna.

Wanda bai ga hunturun can ba zai yi mamakin yadda busasshen ɗan itace ya sami wannan daraja. A ƙarshen Disamba rana kan faɗi a Kebek wajen ƙarfe 4 na yamma, kogi yakan cika da ƙanƙara, kuma babu bishiyar da ke ba da ko ɗa guda. Kafin zamanin jiragen da ke kawo ɗanyen kaya daga ƙasashen zafi, lemo ɗaya kyauta ce da yaro ke jira shekara guda, ya same ta a safiyar Nowel. Abin da uwargida za ta iya ajiyewa shi ne wanda ya bushe ko wanda aka dafa da sukari aka rufe a kwalba. Lokacin da suke kira na bukukuwa yana farawa ne da daren 24 ga Disamba, inda a al'adance ake zuwa majami'a tsakar dare, a dawo gida a zauna cin abinci har kusan asuba, ya zarce zuwa sabuwar shekara da ziyarce-ziyarcen dangi. Iyalan da manya ne, ƴaƴa goma a gida ɗaya ba abin mamaki ba ne. Mata sukan fara gashi makonni kafin ranar, su jera a ɗakin da babu wuta, sanyi ya tsare musu. Gaton da ake yankawa gida goma sha shida daga faranti ɗaya, wanda baya lalacewa da wuri, shi ne daidai da irin wannan gida.

Dabinon kuwa doguwar tafiya ya yi. A farkon ƙarni na 20 jiragen ruwa ne ke ɗauko shi daga Basra ta Iraƙi zuwa Niyok, wani kamfani mai suna Hills Brothers ya riƙa zuba shi a ƙananan kwalaye da sunan Dromedary, wato raƙumi mai tozo ɗaya, ya bazu cikin shagunan Arewacin Amurka da araha. Daga baya Amurkawa suka dasa nasu a hamadar Kaliforniya; a 1927 masanin tsirrai Walter Swingle ya kai ƴaƴan dashe goma sha ɗaya na irin majhul daga Maroko. A shagunan Kebek na ga na Tunisiya da na Aljeriya, irin dagalat nur, da kuma na Iran. Garin da ake murzawa shi ma yana da nasa tarihi. Rabinsa hatsin nan ne na ƙasashen sanyi da Faransawa ke kira abuwan, wanda a kasuwanninmu aka fi sani da sunan Quaker, kuma Kanada tana cikin manyan masu noma shi a duniya. A Ingila wannan salo na barbaɗa murjajjen gari a kan ƴaƴan itace ya yaɗu lokacin yaƙin duniya na biyu, da aka fara raba man shanu da sukari da awo a Janairu 1940, saboda bai kai kwaɓin gato na sosai cin mai ba.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne sunan da ake kiran sa a yammacin Kanada, wajen masu jin Ingilishi: gaton aure. Mu da muke raba dabino da goro a wurin ɗaurin aure da suna, ashe akwai wasu a bayan teku da suka haɗa dabino da aure ba tare da sun taɓa jin labarinmu ba.

Tsohuwar da na yi haya a gidanta ita ta koya mini. Bazawara ce, ta yi aikin jinya har ta yi ritaya. Tana da wani ɗan akwatin katako cike da katuna, kowane kati da girki ɗaya, wasu da rubutun mahaifiyarta, gefensu ya yi duhu da maiƙon yatsu. Ta ciro na dabino ta miƙo mini ta ce: «Ƴata, karanta mini, idona ya gaji.» Na juya awonsa zuwa giram, ga shi kamar yadda nake yi har yau.

A sami dabino giram 500 wanda aka cire wa ƙwallo, a zuba a tukunya da ruwa kofi ɗaya, wato mililita 250, da ruwan lemo ɗaya da ɗan kankararren ɓawonsa. A ɗora a wuta marar ƙarfi, ana juyawa, kamar minti 10, har ya narke ya zama kamar kwaɓin tuwo mai laushi. Ba a ƙara masa sukari. Tsamin lemon ma an sa shi ne don ya karya zaƙin. A sauke ya huce. A wani kwano a haɗa abuwan giram 175, garin alkama giram 150, jan sukari giram 150, gishiri kaɗan, da bikarbonat kwatan ƙaramin cokali. A yayyanka man shanu mai sanyi giram 170 a ciki, a murza da kan yatsu har ya koma kamar dambu. A shafa mai a faranti mai faɗin santimita 20 kowane gefe, a zuba fiye da rabin garin a danne sosai, a shimfiɗa dabinon, a barbaɗa sauran. A gasa a tanderu mai zafin digiri 180, minti 40 ko kusa da haka, sai saman ya yi ja kamar toyayyar gyaɗa.

Abu biyu ta nanata mini. Na farko, man ya kasance daskararre: in ya narke kafin ya shiga wuta, garin zai jiƙe ya dunƙule, marmashin da ake nema ya ɓace. Na biyu, haƙuri bayan saukewa. Aƙalla awa huɗu ake barin sa, in so samu ne ya kwana, domin sai man ya sake daskarewa dabinon ya kama jiki kafin wuƙa ta iya yanka shi bai watse ba.

Akwai masu tambayata ko ya dace Musulma ta sa hannu a girkin bukin da ba nata ba. Ni abin da na gani a gidan nan maƙwabtaka ce. Tsohuwar ta san ba na cin naman alade, wanda da shi ake yin sanannen gaton naman daren Nowel na can, sai ta yi mini nawa daban da naman sa, a faranti daban, ba tare da na roƙa ba. Da azumi ya zo, ita ce ke tuna mini cewa rana ta faɗi. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne gare mu. A Maraɗi da Yamai da Dogon Dutsi, naman layya yana shiga gidan maƙwabci Kirista, shinkafar Nowel ta dawo ta wannan ƙofa. A ƙasar Sham ma, ma'amul mai cike da dabino shi ne na Sallah wajen Musulmi, shi ne na Ista wajen Kirista.

Da na dawo gida na gwada shi da dabinonmu, na Bilma da Fashi wanda ayarin gishiri ya saba kawowa, da na Ingal. Namu ya fi bushewa, don haka sai an tsaga kowane ɗaya an duba tsutsa, a jiƙa shi a ruwan ɗumi awa biyu, a kusan ninka ruwan dafuwar. Mazarƙwaila dakakkiya tana tsayawa a madadin jan sukari, har ta fi shi ƙamshi. Soyayyen man shanu ba ya yi sai an sa shi a firigo ya daskare, kuma lokacin ɗari ya fi dacewa da aikin. Wadda ba ta da tanderu za ta iya zuba yashi a gindin babbar tukunya, ta ɗora farantin a kai, ta rufe, ta zuba garwashi a kan murfi, yadda masu gireba ke yi. Duk waɗannan sauye-sauye na iya yin su ne saboda akwai awon da na tashi daga gare shi.

Katin tsohuwar nan ba shi kaɗai ya zo ba. A 1915 aka kafa ƙungiyar matan karkarar Kebek ta Cercles de Fermières, wadda ta ɗauki tattara sana'o'in hannu da girke-girke a matsayin aikinta. A 1919 ƴan zuhudu mata na Congrégation de Notre-Dame suka buga littafin La cuisine raisonnée, aka yi ta sake buga shi, ya zama abin da uwa ke ba ƴarta in za ta ɗakin miji. Mu kuwa alkaki da nakiya da dubulan da gireba, waɗanda da su ake cika kwallayen gara, ake tarbar baƙin Sallah, a hannun tsofaffi suke zaune.

Na je wurin gwaggota, wadda duk unguwarsu ita ake kira in za a yi nakiyar gara, ɗauke da sikeli da littafi. Na ce: «Gwaggo, shinkafa tiya nawa, zuma ludayi nawa?» Ta dube ni ta yi dariya ta ce: «Ke ƴar nan, ana auna nakiya ne? Hannu ne ya sani.» Na ce to ta yi aikinta yadda ta saba, ni kuma duk abin da ta ɗebo in ɗora a sikeli kafin ya shiga turmi. Mun yi haka sau uku a ranaku daban-daban. Abin da ya ba ni mamaki shi ne awon nata bai cika sauyawa ba. Citta da kanumfari da masoro kusan daidai suke fitowa kowane karo. Ma'aunin yana nan a tafinta, ba a dai taɓa juya shi zuwa takarda ba.

Gaskiya ne takarda ba ta ɗauke komai. Ba ta iya faɗin ƙamshin da garin shinkafa ke yi in ya toyu daidai, ko ƙarar taɓarya in nakiya ta fara haɗe kanta. Wannan sai an tsaya kusa da mai yi. A da kuwa ana tsayawa: yarinya tana girma a tsakar gida ɗaya da kakarta, ta ga gara goma kafin a yi tata. Yau tana makaranta, daga can ta wuce jami'a ko aiki a wani gari, kuma mu malamai mu muka yi ta kira a sa ta, ba mu kuma yi nadama ba. Amma tunda mun raba ta da gindin turmi, nauyi ne a kanmu mu samar mata wata hanyar gado. In ba haka ba, kwalin biskit na kanti shi zai cika kwallar da alkaki ya bari, kamar yadda aka riga aka fara gani a bukukuwan birni.

Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram, kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Harshen da ya hau wannan matsayi yana bukatar littattafai iri-iri, har da na madafi. Malamin lissafi da ke neman misalin giram da rabi da kwata, ga shi a girke: ɗalibi ya ninka awon faranti ɗaya don baƙi arba'in. Kowane ɗan aji zai iya komawa gida ya zauna da kakarsa ya rubuto girki ɗaya da kalmominta, da sunan garinsu, domin alkakin Tawa da na Damagaram ba lalle su zo ɗaya ba. Ƙungiyoyin raya al'adu, waɗanda suka yi ƙoƙari wajen tattara tatsuniyoyi da kirarin ƴan kokowa, za su iya haɗa waɗannan takardu su buga ɗan littafi. Kayan aikin ba su wuce sikeli da alƙalami ba, sai ladabin zama gaban tsohuwa a jira ta gama dariya.

Gwaggo ta yi alkawarin za mu auna alkaki kafin Sallah mai zuwa. Ta ce in zo da alkama ta ƙwarai, kuma in zo da ƴata. Allah ya kai mu da rai da lafiya.