Madubin kyamarar Baba

Ranar da zan ɗauki hoton 'yan ajina na CM2, kyamarar marigayi mahaifina, Pentax K1000, ta ba ni kunya. Na danna, madubin ciki ya tashi ya manne a sama. Yara suka bushe da dariya.

Da dare na kwance gilashin gaba na leƙa. Ashe ɗan soson da madubin ke bugawa ne ya narke kamar kwalta. Shekaru da zafin Malbaza sun cinye shi. Na kankare shi da tsinke da alkol, na liƙa siririn ƙyalle. Fuskar madubin kam ban taɓa ba, rufin ƙyallinta a waje yake, shafa kaɗan ke ƙarce shi.

Fim ɗaya ya rage mini, hoto 36, yaran kuwa sun fi haka.